Ganyen Miya da Ganyen Magani: Nazarin Wani Lambun Ɗoɗɗoya a Ojo, Legas

Kafin a kira assalatu yake shiga lambun, da fitila ɗaure a goshi da wata 'yar wuƙa wadda ya naɗe ƙotarta da robar tayar keke. Ba ya tsinkar ganye ɗaya-ɗaya yadda matan gida ke yi. Reshe yake kamawa, ya ƙirga gaɓa biyu daga gindinsa, ya yanke a samansu, ya jefa a kwando. Kafin ya gama kunya ɗaya ƙamshin ya cika wurin, har ya danne warin kwatar da ke gudana a bayan lambun. Ranar da na fara raka shi na tambaye shi dalilin wannan sammako, sai ya ce, "Likita, ganyen nan in rana ta taɓa shi bayan yanka ya yi laushi ke nan. In kuwa ya yi laushi, Iya mai sarin ganye cewa za ta yi na jiya ne."

Ni ba likita ba ne. Ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti a yankin Ojo, amma a unguwarmu duk mai riƙe allura likita ne, har na gaji da gyarawa. Mutumin maƙwabcina ne, ɗaki uku ne tsakaninmu, kuma da izininsa nake wannan rubutu, bisa sharaɗin ba zan faɗi sunansa ba. Zan riƙa ce masa mai lambu. A cikin shekara biyu na ga ganye guda ya riƙe gida mai mutum shida, na kuma ga daren da dogaro da wannan ganyen ya kusa raba shi da 'yarsa. Abin da ya sa na zauna rubutu ke nan.

Ganyen shi ne ɗoɗɗoya. Wasu su ce ɗaɗɗoya, wasu daidoya, ya danganta da garin da aka haifi uwar mutum. A Arewa sunan ya haɗa tsirrai biyu ko uku 'yan gida ɗaya, amma wadda nake nufi ita ce babbar, mai faɗin ganye da baki zarto-zarto, wadda ke yin itace ta kai ƙirjin mutum, wani lokaci ta wuce kansa in an ƙyale ta. Yarbawa na ce mata efinrin, su ƙara da "nla" don su bambanta ta da ƙaramar. Ibo na cewa nchanwu. A kasuwa kuwa kowa "sent lif" yake cewa. Masana tsirrai suna kiranta Ocimum gratissimum, sunan da Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya sa mata a 1753, kuma kalmar ta biyu tana nufin abin da ya kai maƙura wurin daɗi. Dangin na'ana'a ce. In ka murza ƙaramin reshenta a tsakanin yatsu za ka ji kusurwa huɗu gare shi, ba zagayayye ba ne, alamar wannan dangi ke nan.

Daga babur zuwa kunya

Mai lambu ɗan wani ƙauye ne a gefen Kura ta Jihar Kano, inda noman rani yake kamar gado. Ya tashi a fangalin tumatir da albasa, amma da ya zo Legas babur ya kama, yana jigila tsakanin Apapa da Surulere. Ranar 1 ga Yunin 2022 dokar gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana acaɓa baki ɗaya a ƙananan hukumomi shida ta fara aiki, kuma waɗannan biyun suna ciki. Ya ci gaba da satar hanya na 'yan makonni, aka kama babur ɗin, bai sake ganinsa ba.

Wani ɗan garinsu ne ya kai shi filayen da ke bayan hanyar da ta tashi daga Jami'ar Jihar Legas (LASU) zuwa Iba, inda 'yan Arewa da Yarbawa da Ibo suka daɗe suna noman ganye a filayen da masu su ba su kai ga ginawa ba. Ya karɓi haya a wani lungu mai kwari wanda kowa ya ƙi, don shi ne mai araha. Ya fara da abin da kowa ke yi: alayyafo, ewedu (wato lalo) da ugu. Bai yi asara ba, bai kuma ga riba ba, domin ranar da alayyafonka ya isa yanka, ranar na maƙwabta goma ya isa.

Wata Bayarbiya mai sarin ganye, wadda duk lambun ke ce wa Iya, ita ta juya masa tunani. Ta ga gindin ɗoɗɗoya biyu da ya dasa a bakin bukkarsa don korar sauro, ta ce ya yanko mata. Ya yi dariya, ya ce ai wannan ba na sayarwa ba ne, a garinsu a bayan ɗaki take fitowa, kyauta ake tsinka. Ta ce, "Aboki, a Ikko ko ƙasa sayenta ake yi." Ta biya shi kuɗin da ya fi na ɗaurin alayyafo mai girmansa. A daren ya kasa barci yana lissafi.

Abin da ƙasar Legas ta koya masa

Ya ɗauka wanda ya reni tumatir ba abin da ɗoɗɗoya za ta nuna masa. Karon farko ya tara iri daga furen da ya bushe, ya watsa a fili kamar alayyafo. Irin ɗoɗɗoya ƙanana ne ƙwarai, sun fi riɗi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ruwan sama guda ya kwashe su ya zuba a kwata. Karo na biyu ya yi gadon reno, ya cakuɗa irin da yashi don ya bazu daidai, ya yi masa rumfar ganyen kwakwar manja. Sun tsiro cikin mako biyu, ya dasa su bayan wata guda da 'yan kwanaki. Sun kama, sun yi kore shar, sannan ruwan Yuni ya sauka.

Nan ne ilimin Kura ya ci amanarsa. A Kano ruwan shekara ba kasafai yake kai milimita 1,000 ba, saboda haka manomin rani fangali yake yi mai zurfi, ya kewaye shi da gefe don ya riƙe ruwa. A Legas ruwan shekara ya haura milimita 1,500, kuma damina kashi biyu ce: ta farko daga Afrilu zuwa Yuli, a ɗan sarara a Agusta, ta biyu ta dawo a Satumba da Oktoba. Wanda ya yi fangalin riƙe ruwa a nan tafki ya haƙa. Ɗoɗɗoya tana son danshi, amma ba ta yarda saiwarta ta kwana a ruwa. Ganye ya yi ɗorawa daga ƙasa, ya zube, da ya tuge gindi ɗaya ya tarar saiwar ta yi baƙi tana wari. Fiye da rabi suka tafi.

Sai ya juya aikin. Maimakon rami ya tayar da kunya mai tudu, tsayinta ya kusa gwiwa, ya bar lambatu a tsakani yana kai ruwa waje. Ya kuma bar shuka iri, ya koma dashen reshe, wanda wani tsoho Ibo maƙwabcin gonarsa ya nuna masa. Ana zaɓar reshen da ya fara tauri amma bai zama itace ba, tsawon taƙi guda, a zare ganyen ƙasa a bar biyu ko huɗu a sama, a soka shi a ƙasa mai laima a inuwa. Cikin mako uku zuwa huɗu ya yi saiwa. Fa'idar wannan hanya biyu ce. Ta fi sauri, sannan abin da ka dasa shi za ka samu: in uwar mai ƙamshi ce, 'ya'yan ma haka. Iri kuwa yakan fito da bambanci, wani gindin ƙamshinsa ya bugi hanci, wani sai ka murza sosai.

Tazarar da yake bari tsakanin gindi da gindi kamu ɗaya da rabi ce. Da farko ya matse su don ya samu yawa, sai suka yi tsayi siriri suna tseren neman rana, ganyen ƙasa ya ruɓe don iska ba ta ratsawa. Takinsa kashin kaji ne daga gidajen kiwon da ke kewaye, amma sai ya jibge shi ya huce na 'yan makonni, domin ɗanye ƙona saiwa yake yi. Ya gwada takin zamani sau ɗaya. Ganye ya yi faɗi kamar tafin hannu, Iya ta shinshina ta ce, "Wannan jiki ne kawai, ba murya." Bai sake ba.

Yanka na farko yana zuwa wajen wata uku bayan dashe. Daga nan duk gaɓar da ya bari tana fitar da reshe biyu, shi ya sa yake ƙirga gaɓa kafin ya sa wuƙa. Gindin da ake yanka da hankali yana ƙara cika ne, ba raguwa ba, kuma yana shekaru yana bayarwa. Babban abokin gabarsa fure ne. Da zarar ɗoɗɗoya ta fitar da zangarniyar fure, ƙarfinta ya koma kan yin iri, ganye ya ƙanƙance ya yi kauri. Don haka duk safiya yana bi yana ƙwanƙwashe kan furen da farce, sai gindi biyu da ya ware a ƙarshen kunya don iri.

Wani abin da ya burge shi shi ne ba ta cin kuɗin feshi. Ƙwarin da ke huda ugu da alayyafo ba su cika damunta ba, saboda man da ke cikin ganyen, wanda shi ne ƙamshin da muke ji. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da kuɗin mota da na taki da na komai suka yi sama, wannan ya zama bambanci tsakanin wanda ya tsaya da wanda ya tattara ya koma gida. Kafin ƙarshen wannan shekarar kunya goma sha biyu cikin goma sha takwas na lambunsa ɗoɗɗoya ce.

Masu saye kashi biyu ne, ɗauri kuwa iri ɗaya

Mafi yawan abin da yake yanka tukunya yake shiga. Masu farfesun kifi da na kayan ciki ba sa aiki sai da shi. Matan Ibo na zuba shi a miyar kwakwar manja da farfesun doyar da ake yi wa mai jego. Matanmu ma sun koya, har a dafa-duka ake yanka shi. Duk wannan ganyen wuta yake bi kafin ya shiga baki.

Kashi na biyu su ne masu neman magani, kuma a nan ne al'adu suka haɗu a kan faranti ɗaya. Mu abin da muka taso muka gani: a dafa ta da citta da kanumfari a sha don mura da tari, a haɗa ta da ganyen gwaiba da na mangwaro da darbejiya a tafasa a yi sirace in zazzaɓi ya kama mutum, a jefa busasshiyarta a garwashi don sauro, mata su tafasa su yi tsarki da ruwan. Yarbawa sun fi mu nisa a kanta. Tana cikin haɗe-haɗen agbo da yawa, wato jiƙon maganinsu na gargajiya, kuma suna murza ta ɗanya da ganyen shuwaka, wanda suke kira ewuro, su tace su sha don ciwon ciki, da abin da suke kira jedi-jedi, da ciwon sukari. Akwai masu murza ganyen su cusa a hancin mai haɓo, akwai masu matsa ruwansa a kan sabon yanka. Matan Hausawan da suka daɗe a Legas sun ɗauki wannan hanya ta murzawa ɗanya, domin ta fi sauƙi, ba sai an hura wuta ba, kuma gas ya yi tsada.

Ba na cikin ma'aikatan lafiyar da ke jin an ce ganye su taɓe baki. Ɗoɗɗoya ba wofi ba ce. Man da ke cikinta yana ɗauke da sinadarai biyu sanannu. Ɗaya shi ne yujinol, wanda ke ba kanumfari ƙamshi da yajinsa, kuma likitocin haƙori sun daɗe suna amfani da shi. Ɗayan shi ne taimol, na cikin ganyen tayim ɗin da ake zubawa a shinkafa, wanda ake sa wa wasu ruwan kurkure baki irin su Listerine. Irin da ke Afirka ta Yamma ya fi yawan taimol, na Indiya da Gabashin Afirka ya fi yawan yujinol. An yi gwaje-gwaje da dama a jami'o'in ƙasar nan da suka nuna man yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a farantin ɗakin gwaji, kuma a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife an yi aiki a kan sarrafa shi don ƙurajen fuska. Kakanninmu da suka ce tana gyara ciki ba mafarki suka yi ba. Ni kaina in mura ta kama ni shayinta nake sha, kuma ina jin daɗinsa a maƙogwaro.

Sai dai tataccen mai a farantin gwaji daban, ganye tafi guda da aka murza a kofi daban. Na farko an auna shi. Na biyu ƙarfinsa ya danganta da irin gindin, da yawan ranar da ya sha, da lokacin da aka yanke shi. Ga kuma abin da ni da mai lambu duka ba mu tsaya mun duba ba: daga kunya guda ake yanka na farfesu da na murzawa, kuma a ruwa guda ake wanke su.

Ruwan kuwa na wata 'yar rijiya ce da aka haƙa a tsakiyar lambun, zurfinta bai kai tsayin mutum ba, don a Ojo ruwa a kusa yake. Da ita ake ban ruwa da rani, a cikinta kuma ake tsoma ɗaurin ganye kafin a kai wa masu sari, don ya yi sheƙi ya daɗe bai yi laushi ba. Tsakaninta da kwatar bayan lambun taku ashirin ne. Na sha tsayawa a bakinta muna hira, ina ganin yana tsomawa yana yarfewa, ban taɓa cewa uffan ba, domin nawa ganyen tafasa shi nake yi. Wannan sakaci nawa ne, kuma na fi shi laifi, tunda ni aka koya wa.

Makon Babbar Sallah

A Yunin 2024 abubuwa uku suka haɗu. Ruwa ya yi ta sauka har kwatar ta cika ta tumbatsa, ta malalo cikin lambun ta shafe bakin rijiyar. Kunyoyin sun tsira saboda tudunsu. A daidai lokacin ma'aikatar lafiya ta Jihar Legas, ta bakin kwamishinanta Farfesa Akin Abayomi, ta sanar da ɓarkewar kwalara, wadda ta fi tsanani a tsibirin Legas amma ta taɓa ƙananan hukumomi da dama. Sannan ga Babbar Sallah ranar Lahadi 16 ga wata, lokacin da kowane gida ke da kai da ƙafa da kayan ciki, kowa na neman ɗoɗɗoya. Mai lambu bai taɓa ciniki irin na wannan makon ba. Yana yanka, yana tsomawa, yana ɗaurewa, har hannunsa ya yi kanta.

Ranar Talata da hantsi 'yarsa mai shekara huɗu ta fara gudawa. Uwar ta ɗauka naman Sallah ne, kuma kowa ma haka zai ɗauka. Ta zari ganye daga ragowar ɗaurin da ya kawo gida, ta murza da ɗan ruwa da gishiri, ta tace da gefen mayafi, ta ɗura mata. Ta sake da azahar. Da la'asar amai ya shigo, ta ce ai dattin ne ke fita, ta ƙara na uku. Mai lambu ya dawo da magariba a gajiye, aka ce masa an ba ta magani, ya ce to Allah ya sawwaƙe, ya kwanta.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare ya buga mini ƙofa. "Likita, don Allah fito, yarinyar nan ba ta ko kuka."

Na haska ta da fitilar waya. Idanun sun faɗa can ciki, leɓen ya bushe ya tsage. Na kama fatar cikinta na ja na saki, sai ta tsaya a tattare kamar tsumma, da ƙyar ta koma. Na tambayi uwar yaushe rabonta da fitsari, ta yi shiru tana tunani, sannan ta ce tun safe. Kofin yana ajiye a gefen katifa, da ragowar koren ruwa a gindinsa, ɗakin duk ƙamshin ɗoɗɗoya. Har yau in na ji ƙamshin da dare sai wannan ɗakin ya faɗo mini.

Na aika shi neman mai Keke Napep, na haɗa ruwan gishiri da sukari daga fakitin da nake ajewa, muka riƙa ɗiga mata da cokali tunda tana iya haɗiya. A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa nan take, aka kula da ita a matsayin mai amai da gudawa mai tsanani, aka keɓe ta kamar yadda ake yi wa kowa a wannan makon. Kwana biyu ta yi. Ranar da ta nemi a ba ta biredi uwar ta fashe da kuka. Aka sallame su da ƙwayar zinc ta kwana goma.

Da hankali ya kwanta uwar ta tambaye ni, a kunyace, ko ita ta jawo. Na gaya mata gaskiya: ciwon ya riga ganyen zuwa, tunda sai da gudawa ta fara ta murza. Amma ganyen ya ci musu awa goma sha huɗu. Abin da ke kashe yaro a gudawa ruwan jikinsa ne da ke tsiyayewa tare da gishirin jiki, kuma ko da ɗoɗɗoya za ta kashe kowace ƙwayar cuta a hanjinsa, ba za ta mayar da cokali ɗaya na ruwan da ya fita ba. Abin da ke mayarwa yana cikin kicin ɗinta tun safe: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, in babu fakitin kemis. Sannan ganyen da ta murza an tsoma shi a rijiyar da kwata ta shiga, aka ba mai ciwon hanji shi ɗanye, sau uku. Ƙamshi ba ya wanke ganye.

Tun da muna kan maganar, akwai abu biyu da nake yawan faɗa da su a unguwa. Ɗura wa yaro ruwan ɗoɗɗoya yana cikin jijjiga haɗari ne, don ba ya iya haɗiya, ruwan huhu yake tafiya. Mai ciwon sukari kuma da ke shan ƙwayar asibiti, ya ƙara da kofin shuwaka da ɗoɗɗoya kullum ba tare da yana gwada jininsa ba, tafiya yake a duhu, balle wanda ya ajiye ƙwayar gaba ɗaya.

Abin da ya canza, da abin da ya ƙi canzawa

Mai lambu ba mutum ne mai yawan magana ba. Mako guda bayan sallamar na ga yana tara buhunan shinkafa da tsofaffin bokitai a bayan ɗakinsa. Ya huda gindinsu, ya cika su da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ya dasa reshe ɗaya-ɗaya daga gindin da ya fi ƙamshi. Ɗoɗɗoya tana yin kyau a buhu in dai tana samun rana rabin yini. Waɗannan da ruwan burtsatsen da muke saye a jarka yake ba su, ba sa ganin rijiyar lambu, ba kuma sa shaƙar feshin da maƙwabta ke yi wa ugu, wanda iska ke kaɗowa kan kunyoyinsa ko bai so ba. Su yake kira "na buhu". Duk wanda ya ce masa magani zai yi, na buhu yake ba shi, ya kuma ƙara da cewa, "A wanke, a tafasa. In yaro ne yake zawo, a fara da ruwan gishiri da sukari, in bai tsaya ba a kai shi asibiti." Wata rana na ji yana faɗa wa wata mata haka da irin muryata, har da ɗaga yatsa, sai da na juya baya na yi dariya.

A lambun kuma ya tayar wa rijiyar baki da buhunan yashi, ya daina tsoma ganye a ciki. Yana zuwa da jarka biyu yana yayyafawa. Ragowar da ba ta shiga ba yana shanya ta a inuwa, ba a rana ba, don rana na kwashe ƙamshin, ya daka ya ƙulla a leda, masu shayi suna saye.

Na ɗan bincika ko akwai wanda alhakin wannan gaɓa ke wuyansa. Hukumar NAFDAC tana rajistar maganin gargajiyar da aka sarrafa aka zuba a kwalba ko fakiti. Jihar Legas tana da hukumar da ke kula da masu sana'ar maganin gargajiya. Gwamnatin tarayya tana da cibiyar bunƙasa magungunan gargajiya a Victoria Island. Amma ɗaurin ganye a kan faranti ba kwalba ba ne, mai lambu kuma ba mai magani ba ne, manomi ne. A ganina mafi yawan maganin gargajiyar da ake sha a garin nan ta wannan hanyar yake bi, daga kunya zuwa kofi, kuma mai tsaron ƙofar kaɗai shi ne wanda ya yanka.

Kasuwa kuwa ba ta san an yi ba. Ya gaya wa Iya cewa yanzu ruwan saye yake amfani da shi, ya kamata ta ɗan ƙara wani abu. Ta ɗaga ɗauri ɗaya ta juya shi, ta ce nasa bai kai na maƙwabcinsa sheƙi ba. Gaskiyarta ce, wanda aka tsoma ya fi wanda aka yayyafa kyan gani. Kuɗin jarka biyu kullum daga ribarsa yake fita, kuma cikin masu lambun da ke kewaye da shi mutum ɗaya ne ya bi sahunsa, wani ɗan Sakkwato da ya je duba yarinyar a asibiti ya ga yadda take. Sauran suna nan suna tsomawa.

Filin ma ba tabbas. A watan jiya tifa ta juye yashi a bakin lambun, yaran unguwar da ake kira omo onile, masu iƙirarin filayen na gidansu ne, suka zo suka zagaya suna nuna iyaka da hannu. Mai lambu ya ƙara yawan buhunan bayan ɗakinsa zuwa arba'in, har mai gidanmu ya fara ƙorafin an tare hanyar banɗaki.

Ranar Juma'ar da ta wuce ina zaune a ƙofa Iya ta shigo unguwarmu, abin da ba ta taɓa yi ba, don a lambu suke haɗuwa. Ta gaishe ni, ta tambayi ɗakin aboki mai efinrin. Jikanta ne ke fama da tari, uwar yaron tana so ta dafa masa. Mai lambu ya ce ai da ta ɗiba cikin wanda ta sara da safe. Ta ce a'a, na buhu take so. Ya shiga baya ya yanko mata, ya ƙirga gaɓa biyu kamar kullum. Ta kwance bakin zaninta ta biya shi kuɗin da ta saba biya.